Dattijon da Ya Ga Dutsen Kumgang

Lokacin da nake karatu a Seul, a Koriya ta Kudu, a farkon shekarun 2010, da wuya mako ya wuce ba a tambaye ni ko zan koya wa wani yaro Turanci ba. Maƙwabci ne, mai wankin kaya ne, ko matar da nake sayen shinkafa a wurinta. Da zarar sun ji ina waya da harshen, sai maganar yaro ta taso. Ni kuwa ba ni da ikon karɓar ko sisi a kan haka. Bizar malaman Turanci, wadda suke kira E-2, an keɓe ta ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Ailan da Afirka ta Kudu. Najeriya, duk da yawan masu Turancinta, ba ta ciki. Ɗalibi irina da aka kama yana darasi a ɓoye tara zai biya, ko ma a ce ya tattara kayansa. Abin da ya rage mini shi ne aikin sa-kai, kuma shi ya kai ni wata cibiyar tsofaffi ta unguwarmu, inda ake koya musu rawa da kwamfuta da rubutun buroshi, ranar Asabar kuma Turanci.

Yawancin 'yan ajin mata ne, kakanni waɗanda yaƙi da talauci suka hana su boko. Burinsu ba mai nisa ba ne: su iya karanta sunan shago da na gidajen bene, domin kamfanonin gine-gine sun ɗauki ɗabi'ar raɗa wa rukunin gidaje dogayen sunayen Turanci. Su da kansu suke cewa da gangan ake yi, don kada uwar miji ta gane gidan matar ɗanta, sai su tuntsire da dariya.

Namiji ɗaya ne ba ya fashi. Ya doshi saba'in, tsohon ma'aikacin safiyo ne, ƙuruciyarsa duk ta tafi wajen awon filaye da hanyoyi. Yakan zo da littafin rubutu, da fensir, da ƙamus na lantarki mai kama da 'yar ƙaramar kwamfuta, wanda ake latsa wa maɓalli ya furta kalma da muryar mace. Yana kirana sonsengnim, wato malam, alhali 'yarsa ta girme ni. Ni kuma ina kiransa orushin, yadda ake kiran dattijo. Turancinsa na karatu ya fi na duk 'yan ajin. Bakinsa ne ba ya buɗewa.

Wata Asabar ya tsaya bayan an tashi. 'Yarsa tana aure a Kanada, jikarsa kuma ba ta jin Koriyanci sai gaisuwa da sunayen abinci. An ba su aiki a makaranta, kowa ya tambayi kakansa wuri mafi kyau da ya taɓa gani, shi kuma yana so ya amsa da hannunsa, ba ta bakin uwarta ba. Ya buɗe littafin. Ya rubuta kalmar Turancin nan ta kyau da kowa ya sani, ya soke ta da layi biyu.

"Malam, wannan ta fure ce da amarya," in ji shi. "Abin da na gani sai da gwiwoyina suka yi rawa. Ba ku da wata?"

Na tambaye shi wane wuri ne. Ya ce Kumgang, ya yi shiru, kamar ya gama bayani.

A wurin ɗan Koriya ya gama ɗin. Kumgang tsaunuka ne a gabar gabas, ƙololuwarsu Birobong mai tsayin mita 1,638, kuma tun zamanin da ake cewa kawunansu dubu goma sha biyu ne. Suna huɗu gare su, kowane yanayi na shekara da nasa. Na hunturu ma'anarsa ƙasusuwa zalla, saboda ganye ya zube sai dutse tsirara. Masu zane da mawaƙan ƙasar sun yi ta zuwa can ƙarni bayan ƙarni. Zanen da Jong Son ya yi musu a 1734 yana cikin taskokin da ƙasar ke ji da su. Abin da ya rage a faɗa shi ne suna Koriya ta Arewa, tazara kaɗan bayan layin da ya raba ƙasar.

Labarin gidansu a hankali ya fito, wani cikin Turanci, wani cikin Koriyancin da nake tsinta, wani kuma a zane a bayan littafi, don mutumin ba ya iya ba da labari sai da taswira. An haife shi a lardin Hamgyong, can arewa. A Disamban 1950, bayan sojojin Sin sun shigo yaƙin Koriya, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka janye ta tashar ruwa ta Hungnam, aka kwashe farar hula kimanin dubu ɗari a jiragen ruwa zuwa kudu. Yana cikinsu a bayan mahaifiyarsa. Ya ce ba ya tuna komai sai sanyi. Daga baya mahaifinsa ya kwaso su ya hauro arewa iya inda aka bari a kai, zuwa garin Sokco, suka kafa bukka a kan yashi tare da sauran 'yan gudun hijirar Hamgyong, da nufin da an buɗe hanya su ne farkon komawa. Aka tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli, 1953, hanya ba ta buɗu ba. Unguwar tana nan har yau, ana kiranta Abai, kalmar da mutanen Hamgyong ke kiran uba ko tsoho da ita.

Sokco tana gindin tsaunin Sorak, wanda mutanen kudu ke cika shi maƙil duk lokacin da ganye ya yi ja. Uban ba ya yarda a yaba Sorak a gabansa. Ya ga Kumgang yana saurayi, kuma a wurinsa Sorak ƙane ne kawai. Akwai wani makeken dutse a saman garin da ake kira Ulsanbawi, wanda tatsuniya ta ce ya taso daga Ulsan ne don ya shiga cikin kawunan Kumgang, nauyi ya sa ya makara, ya tarar an cike gurbi, kunya ta hana shi komawa gida, ya zauna a nan. Uban yakan nuna shi daga kwalekwalen kamun kifi ya ce ga ɗan'uwansu can. Ya rasu kafin a buɗe hanya.

Yadda aka buɗe ta kuwa, labari ne da Bahaushe zai fi kowa jin daɗinsa. Chung Ju-yung, wanda ya kafa kamfanin Hyundai, ɗan Tongchon ne, kusa da Kumgang. Yana matashi ya gudu daga gida da kuɗin saniyar da mahaifinsa ya sayar. A 1998, ya haura tamanin, ya tsallaka iyaka ta Panmunjom da shanu 500 a manyan motoci cikin watan Yuni, ya ƙara 501 a Oktoba, wai biyan bashin saniya guda. A Nuwamban wannan shekarar jirgin ruwa na farko ya kai 'yan yawon buɗe ido Kumgang. A 2003 aka fara zuwa ta mota. Dattijon nawa ya jira hanyar mota, don ya ce ta ruwa suka fito, ba zai koma ta ruwa ba.

Ya kwatanta mini tafiyar dalla-dalla, irin ta mutumin da aikinsa lura ne. Ana karɓe wayoyin hannu tun a kudu. Kowa da katin shaida rataye a wuya. Motocin safa a jere suke tafiya, ba a tsayawa, ba a ɗaukar hoto ta taga. Sojojin arewa suna tsaye a gefen hanya nan da can, kowa da jar tuta a hannu, wanda ya hangi kyamara ya ɗaga. Bayan haka sai kwari, da dogayen itatuwa masu jan jiki, da tafkuna kore shar a cikin farin dutse, da ruwan Kuryong da ke zubowa daga tsayin mita 74. A jikin duwatsu masu santsi an sassaƙa manyan haruffa na yabon shugabannin arewa, wasu an cike su da jan fenti. Waɗannan, in ji shi, ya auna su da ido ba da niyya ba, kamar yadda yake auna duk ginin da ya wuce ta gabansa, ya kuma san kusan tsawon kowane harafi.

A Manmulsang ne idon ya ƙi aiki. Sunan yana nufin siffofi dubu goma. Ana hawa ta matakalan ƙarfe da aka kafa a jikin dutse, a kai wani wuri a juyo, sai ga tsinin duwatsu sun tsaya bayan juna har inda gani ya ƙare. Mai safiyo yana buƙatar abu ɗaya da ya san girmansa, mutum ko bishiya ko sanda, ya gina sauran lissafi a kansa. Ya nema ya rasa. Abin da ya ɗauka kusa ne sai hazo ya ratsa tsakaninsu ya nuna masa nesa ne. Shekara talatin da wani abu yana wannan aiki, ya ce, bai taɓa tsayawa gaban abu ya kasa cewa ko da ƙiyasi ba ne sai ranar. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya ciro hoton mahaifinsa daga aljihu, ya juya fuskar hoton wajen duwatsun, ya riƙe shi haka har na bayansa suka fara gyaran murya.

Na rubuta masa "sublime" a littafinsa.

Ya latsa ƙamus, matar ta furta, ya maimaita: sobullaim. Na ce a'a, na furta tawa. Ya sake latsawa, ya saurara, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce cikin ladabi tawa ma ba irin ta matar ba ce. Gaskiyarsa. Harshensa da nawa duk ba sa son baƙi biyu su haɗu a farkon gaɓa ba wasali a tsakani, kowa da wanda yake cusawa. Muka bar matar ta zama alƙali.

Fassarar ce ta ɓata masa rai. Ƙamus ya ba shi sunggo, kalma mai tushen Sinanci da ke nufin ɗaukaka. Ya ce wannan ai ta jawabin 6 ga Yuni ce, ranar tunawa da mazan jiya, lokacin da manya ke tsayawa a maƙabartar ƙasa suna maganar sadaukarwar sojoji. Ba laifi gare ta, amma warin lasifika take yi, ba ya so ya aika wa yarinya jawabi. Sai na koma na karanta abin da ban taɓa damuwa da shi ba, don in samu abin faɗa masa Asabar mai zuwa.

Abin da na kawo masa shi ne Edmund Burke, ɗan Ailan, wanda a 1757 ya wallafa littafi yana raba kyau gida biyu. Akwai na ƙananan abubuwa masu santsi da laushi, wanda ke sa mutum ya so ya matso. Akwai kuma na abubuwa masu girma da duhu da ƙarfi, wanda tushensa tsoro ne, amma tsoron da ake ji daga inda haɗarin ba zai iso ba. Wannan na biyun shi kalmar ke nufi. Immanuel Kant na Jamus ya ɗora a 1790, ya ce iri biyu ne: wanda girmansa ya fi ƙarfin awo, da wanda ƙarfinsa ya fi ƙarfin mutum. Da na faɗi na farkon, dattijon ya buga tebur da fensir ya ce wannan Bajamushen ya san aiki. Amma da na ci gaba cewa a ganin Kant daɗin abin yana zuwa ne lokacin da hankali ya gane shi ya fi dutsen, tunda yana iya tunanin abin da ido ya kasa ɗauka, sai ya girgiza kai. Ya ce shi bai ji ya fi komai ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban taɓa gamsuwa da wannan ɓangaren ba. Yana mini kama da dabarar malamin da ba ya son a tashi aji dutse ne ya yi nasara.

Burke ma bai tsira ba. "Malam, shi tsoron faɗuwa yake nufi," in ji dattijon. "Ni akwai ƙarfe a hannuna, ba zan faɗi ba. Abin da ya kama ni shi ne ashe tsohona ba cika baki yake yi ba. Shekara da shekaru muna ce masa eh, eh, Baba, muna kallon juna." Ban samu amsar wannan a cikin littattafan biyu ba, ban kuma yi ƙoƙarin ƙirƙiro masa ba.

Akwai wata ɗalibar jami'a da ke taimaka mana a ajin, tana jin mu. Ita ta san kalmar tun tuni, har ta jero mana 'yan'uwanta huɗu ko biyar ba ta numfasa ba, daga littafin haddar kalmomi na jarrabawa. Na tambaye ta ko ta taɓa amfani da ita, ta yi dariya ta ce ba don amfani ake koyon irinsu ba. Ban ga laifinta ba. A ƙasar da ake dakatar da tashi da saukar jiragen sama lokacin da ɗalibai ke sauraron Turanci a jarrabawar shiga jami'a, wata Alhamis cikin Nuwamba, kalma maki ce kafin ta zama wani abu. Mu ma haka muka haddace su don WAEC, muka riƙa jifan juna da su a gasar muhawara don burga. Bambancinta da dattijon shi ne ita kalmar ta riga abin zuwa, shi kuma abin ya yi shekaru yana zaune a ƙirjinsa kafin kalmar ta iso.

Shi ne ya juyo da tambayar kaina: ni me na taɓa gani a ƙasarmu da ya cancanci wannan suna? Duwatsunmu na tuna da farko, amma abin da ya fito daga bakina hadarin farkon damina ne, a garinmu na ƙasar Katsina. Bayan watannin zafi, da la'asar sakaliya, gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama. Iska ta ɗauke ɗif, kaji su shige akurki tun lokaci bai yi ba. Mata na gudu suna kwashe shanya, ana ƙwala wa yara kira, sai guguwar ta iso da ƙura da ƙaiƙayi, kwanon rufi na kuka, wani lokacin na wani gida ya tashi gaba ɗaya. Mu yara muna maƙale a ƙofar zaure, an ce mu shiga mun ƙi, tsofaffi na salati. Duk garin wannan hadarin ake roƙo, duk garin kuma tsoronsa ake ji. Na ce masa in mutum ne yake da irin wannan, sarki ko babban malami, mukan ce yana da kwarjini. Ya sa na rubuta masa, ya kwafe da haruffansu na Hangul a gefe, ya tambaye ni gudun iskar. Na ce ban taɓa aunawa ba. Ya ce abin da ya zata ke nan.

Wasiƙar ta ɗauke mu makonni. Ya ƙi yarda in rubuta masa ko jimla ɗaya. Nawa gyaran lokacin aiki ne da ƙananan kalmomin nan da ke gaban suna, waɗanda babu su a Koriyanci kuma suke wahalar da duk ɗan ƙasar. Jimlolinsa gajeru ne. Ya sa tsayin Birobong, duk da cewa ba a bari baƙi su hau ta ba. Ya sa sunaye huɗun. Ya sa jar tuta, ya cire, ya sake mayarwa. Ya zana taswira da sikeli a ƙasa, da kibiya mai nuna arewa, da ɗigo uku: inda aka haife shi, inda ya girma, da dutsen a tsakaninsu. Hoton mahaifin ya samu layi biyu. Kalmar tamu sau ɗaya ta fito, kusa da ƙarshe, kuma sai da ya gwada ta a wurare uku kafin ya bar ta a nan.

Amsa ta zo ta waya. Yarinyar ta ji daɗin taswirar, malamarsu ta manna ta a bango. Kalmar kuwa ba ta san ta ba, sai da ta tambayi uwarta, uwar ta ce yara a can "awesome" suke cewa. Ya kawo mini wannan a rubuce, fuska a murtuke, ya ce me ya sa ban ba shi ita ba tun farko. Na ce asalinta daga wannan tsoro mai haɗe da girmamawa ta fito, amma yawan amfani ya cinye ta, yanzu har sabon takalmi da abincin rana ana yaba su da ita. Ya yi ɗan tunani, ya tambaye ni ko tamu tana cikin littattafan da yarinyar za ta karanta in ta kai jami'a. Na ce tana ciki.

"To, a bar ta," ya ce. "Ta girma ta tarar da ita."

Kai yarinyar Kumgang kuwa ba ya cikin lissafi. Tun Yulin 2008 aka dakatar da tafiyar, bayan wani sojan arewa ya harbe wata 'yar yawon buɗe ido daga kudu a bakin teku. Kafin nan mutum kusan miliyan biyu sun je. Shirinsa shi ne in sun zo hutu ya kai su Sokco, su tsallaka zuwa unguwar Abai a kwalekwalen nan da fasinjoji ke ja da kansu ta jikin igiyar ƙarfe, daga nan su wuce Gosong, inda aka gina wurin hange kusa da iyaka, a ga gefen Kumgang na bakin teku in sama ta washe. Ya riga ya rubuta lokutan tashin motoci a littafinsa. Na bar ƙasar kafin zuwansu, cibiyar kuma ba ta ba da lambar kowa.

Labarin dutsen dai ina binsa. A Oktoban 2019 Kim Jong Un ya ba da umarnin a kawar da gine-ginen da kudu ta yi a wurin, daga baya aka shiga rushe su. A Oktoban 2024 arewa ta tarwatsa wani sashe na hanyar gabas ɗin da motocin safa suka riƙa bi. A Yulin 2025 kuma UNESCO ta sa Kumgang cikin jerin wuraren gadon duniya, bisa buƙatar Koriya ta Arewa.